Kwatanta Farashin Man Fetur: Ƙiyasin da Bai Inganta Ba



Ya ku 'yan uwa, duk lokacin da mahukuntan ƙasar nan suka ƙudurta ƙara kuɗin man fetur, hujja guda suke ɗaukowa su kakkaɓe mata ƙura: wai manmu ya fi na sauran ƙasashe araha. Mun ji ta a 1994, sa'ad da lita ta tashi daga naira 3.25 ta tsaya a naira 11. Mun ji ta a Janairun 2012, da aka kai ta naira 141 daga 65, kafin boren jama'a ya sauko da ita 97. Muka sake jin ta bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya shelanta janye tallafi, lita ta haura naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki.

Malaman usulul fiƙhi sun shardanta cewa ba a kwatanta abu da abu a hukunci sai sun haɗu a illa, wato dalilin hukuncin. Idan akwai bambanci mai tasiri a tsakaninsu, sunansa ƙiyasi ma'al fariƙ, kuma ɓatacce ne. Jera farashin lita ba tare da jera abin da ke shiga aljihun mai saye ba, irin wannan ƙiyasi ne.

A ɗauki Ingila, wadda ake yawan buga mana misali da tsadar manta. A 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a can fam 12.21 ne, lita kuwa ba ta kai fam ɗaya da rabi ba. Ke nan aikin awa guda yana sayen fiye da lita takwas. Kuma kaso mai yawa na wannan farashi haraji ne da ke shiga baitulmali. Saudiyya kuwa, kafin ta ƙara kuɗin mai a Janairun 2018, sai da ta fara biyan iyalai masu ƙaramin ƙarfi tallafin kuɗi ta wani asusu na musamman a Disambar 2017. Wannan ɓangare na labarin ba a cika karanta mana shi ba.

To, mu dawo Dakata. Leburan da ke sammako ya ratsa gari a adaidaita sahu zuwa wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa, lissafinsa daban ne. A farkon 2023 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, yana sayen lita kusan 160. Zuwa Oktoban 2024 albashin ya riga ya zama naira 70,000, lita ta haura naira 1,000, sai ya koma bai kai lita 70 ba. An ninka masa albashi fiye da sau biyu, abin da yake iya saye ya ragu da fiye da rabi. Wannan ma ga wanda ake biya cikakken albashin ne. Mai aikin yini a Bompai, wanda ake sallama da yamma, bai san da shi ba. Kuma a wurinmu fetur ba na abin hawa kaɗai ba ne. Mai walda da mai injin niƙa da tela duk da shi suke tada janareta idan an ɗauke wuta, abin da takwaransu na Landan bai taɓa sa wa a lissafi ba.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi inda hujjarsu take da ƙarfi. Gaskiya ne araharmu ta ciyar da fasa-ƙwauri ta Jibiya da Maigatari shekara da shekaru. Shaida ita ce ƙarancin man da ya auka wa Nijar a Maris 2025, duk da matatarta ta Damagaram, bayan man sumoga ya ja baya. Amma wa aka ɗora wa amanar tsaron iyaka? Tankar mai ba allura ba ce da za ta ɓace a aljihu. An kasa kama masu ketarar da ita, sai aka aza tarar a kan mai tura kura.

Ba muna cewa tsohon tsarin tallafi tsarkakakke ba ne. An tafka ɓarna a cikinsa. Abin da muke nema shi ne, duk jami'in da zai sake karanto mana farashin Yamai da Landan, ya haɗa da albashin ma'aikacinsu, da awannin wutar da suke samu, da kuɗin motar da ke kai shi wurin aiki. Sannan ya faɗa mana, naira bisa naira, inda kuɗin tallafin da aka janye tun 2023 suka shiga.