Dogaro Ga Allah A Lokacin Tsanani: Darasi Daga Kwarhi

A watan Oktoban 2014 ne mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, kusa da Mubi a Jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take. Dole ta sa shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. Watanni shida kafin nan an sace ɗalibai mata 276 a Chibok, akasarinsu kuwa 'ya'yan wannan coci ne. A Janairun 2020 aka kama fastonta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, aka kashe shi. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, cikin natsuwa ya nuna cewa bai karaya ba, ya bar al'amarinsa a hannun Allah.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya hana shugabannin jama'ar da aka yi wa irin wannan ɓarna kiran ɗaukar fansa? Tun kafuwarta a Garkida a 1923, cocin ta gaji koyarwar ƙin zub da jini. Tushen koyarwar shi ne imani cewa wahala ba alama ba ce ta Ubangiji Ya juya wa bawansa baya. Yana tare da shi a cikinta, kuma sakayya tasa ce. Wanda ya yarda da haka ba ya neman huce haushinsa a kan maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba.

Musulmi ba baƙon wannan magana ba ne. Tawakkali muke kiranta, kuma labarin haƙurin Annabi Ayuba sananne ne a masallaci da coci. Ashe ke nan ya kamata mu riga kowa ganin ƙimarta idan muka same ta a wurin maƙwabtanmu, musamman da yake wutar da ta ƙone majami'unsu ita ce ta cinye masallatanmu.

Sai dai fa kada masu mulki su ɗauki haƙurin talaka a matsayin hujjar yin sakaci. Mai imani ya dogara ga Allah. Mai riƙe da amanar tsaro kuwa wajibi ne ya sauke ta, domin za a tambaye shi. Shugabannin EYN sun koma Kwarhi, cocin ta cika shekara 100 a 2023, amma ba duk iyayen Chibok ne suka sake ganin 'ya'yansu ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.