LAFIYA UWAR JIKI: Shirun Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Idan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama magidanci, hankalin iyali yakan koma ne kan hannu da ƙafa. A kai shi asibiti, a yi gashi, a sayi sanda, ranar da ya taka ƙasa kuwa a yi hamdala. To, amma akwai wani rauni da ido ba ya gani, wanda yakan zauna a zuciyar majinyaci bayan jiki ya fara dawowa, kuma shi ne ake yi wa mummunar fahimta.

Asalin ciwon dai a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, sai sashen da take shayarwa ya lalace. Wani babban bincike da likitocin Nijeriya da na Ghana suka yi, aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa a cikin abubuwan da ke jawo shi a wannan yanki. Ƙwaƙwalwar nan kuwa da ke motsa gaɓoɓi, ita ce dai ke ɗauke da himma da farin ciki, saboda haka in ta taɓu, hali ma yakan taɓu.

Abu na farko shi ne gushewar himma. Sai a ga mutumin da ba ya fashin kasuwa ya wuni a zaure, bai tambayi cinikin rumfarsa ba, bai kunna rediyo ba, jikansa ya shigo bai ɗaga kai ba. Ba kuka yake yi ba, ba kuma fushi ba, abin duniya ne kawai ya daina motsa shi. Wasu su ce mutuwar zuciya ce, wasu su yaba masa, su ce haƙuri ne da tawakkali. Duk ba haka ba ne. Sau da yawa rauni ne a sashen gaba na ƙwaƙwalwa ko a can cikinta, inda niyyar fara aiki take tasowa. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 3 na waɗanda suka tashi daga ciwon yana fama da wannan hali.

Abu na biyu shi ne ciwon damuwa, wanda shi ma yakan kama kimanin ɗaya cikin 3. Wannan yana tafe da baƙin ciki, da rashin barci, da ƙin abinci, da ganin cewa mutum ya zama kaya a wuyan iyalinsa. Wanda ya saba ciyarwa yau ana ba shi a baki, wanda ya saba limanci yau harshe ya yi nauyi. Daga nan ne tunanin gara mutuwa kan kunno kai. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak a 2001 ya gano cewa haɗarin kashe kai a tsakanin masu wannan ciwo ya kusa ninka na sauran jama'a, kuma ya fi tsanani ga waɗanda ba su kai shekara 50 ba. Na ƙasar Suwidin a 2015 ya nuna cewa shekaru 2 na farko sun fi haɗari, musamman ga mai zaman kaɗaici.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuskar kanta ciwo ya karkatar da ita, don haka dole a tambayi baki. Idan majinyaci ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya daina shan magani da gangan, ko ya shiga rabon kayansa da sallamar mutane, kada a tsaya ga cewa ya yi istigfari ya yi shiru. A zauna kusa da shi, a tambaye shi a fili, cikin ladabi, ko yana tunanin cutar da kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa tunanin, sai dai ta sauke nauyi. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinsa, a kai shi ga likita a ranar.

Ciwon damuwa yana da magani, sai dai yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro, kuma likitan da ke duba hawan jinin ma zai iya farawa. Zuwa can ba hauka ba ne.

Shi kuwa mai gushewar himma, faɗa da gori ba sa tashe shi. A tsara masa yini, a ba shi ɗan aikin da zai iya, a fita da shi majalisa, a riƙa neman shawararsa a kan al'amuran gida kamar da. Dubiya ma kada ta ƙare a makon farko, domin wata na 6 ya fi ranar sallama daga asibiti bukatar baƙi.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.