Kimiyya A Sauƙaƙe: Dalilin Jiƙa Rogo

Uwargida a Fadan Kagoma, in kin ɓare rogo mai ɗaci, kada ki ƙosa da jiƙo. Ga dalili.

Cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, wanda bincikensa ya jawo wa Otto Warburg na Jamus lambar Nobel a 1931. Lantarkin da jiki ke tatsa daga abinci yakan tsallaka daga jan ƙarfen zuwa baƙin, hannu da hannu, har ya riski iskar da muka shaƙa. Haka ƙarfi ke samuwa.

Gubar rogo kuwa, sai ta maƙale wa baƙin ƙarfen, ta datse hanyar. Mutum na numfashi, amma ƙwayoyinsa a shaƙe suke.

Saboda haka a jiƙa kwana uku zuwa biyar, a shanya sosai. Sauri kan haifi nawa.