Na'ura Ta Tsufa An Canza Ta, Saura Mai Aron Littafi

A shekarar 2023 ne hukumar laburaren jama'a ta birnin Siyatil, a jihar Washinton ta ƙasar Amurka, ta sallami tsohuwar na'urarta mai karɓar littattafan aro tana rarraba su, ta kafa sabuwa a madadinta. Tsohuwar ta fara aiki ne tun 2004, shekarar da aka buɗe sabon ginin babban laburaren birnin. Ke nan ta yi kusan shekara 20 tana bauta.

Ga wanda bai san ta ba, aikin nata shi ne: kowane littafi akwai 'yar alamar lantarki manne a jikinsa. Mai aro zai jefa shi ta wata 'yar taga, bel ya ja shi, na'ura ta karanta alamar ta cire shi daga sunan wanda ya ara, sannan ta tura shi akwatin reshen da ya dace. In kuwa wani ya riga ya sa suna yana jiransa, can za a nufa da shi. Haka littafi ke zagaya babban laburaren da rassansa 26.

Abin lura a nan shi ne, ba sayen na'ura ne abin yabo ba, domin kuwa duk mai kuɗi zai iya saye. Abin yabo shi ne sanin cewa ƙarfe na tsufa, kayan gyaransa na ɓacewa daga kasuwa, don haka tilas a shirya wa ranar canji tun kafin ta zo. Su ba su jira sai ta mutu murus ba. Sun ma ɗauke aikin daga tsakiyar gari zuwa wani gini nasu a unguwar Georgetown. Kafin nan, a 2019, mutanen birnin sun jefa ƙuri'ar amincewa da ƙarin haraji na shekara 7 don ɗaukar nauyin laburarensu.

To amma na'ura ba ita ce komai ba. A watan Mayun 2024 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin laburaren, aiki ya cije, har aka roƙi jama'a su riƙe littattafan da ke hannunsu tukuna. Sai da aka kwashe watanni kafin al'amura su daidaita. A tsakanin nan ma'aikata ne suka riƙe wurin da hannu.

Darasin da ke ciki ga 'yan uwa matasa a fili yake. Duk wannan dukiya da wahala an yi su ne don abu guda: kada littafi ya kwana a inda ba a karanta shi alhali wani na can yana jira. Kuma duk ƙwarewar na'ura, ba za ta rarraba littafin da ba a mayar ba.

Littattafai nawa ne na makaranta, na malami ko na aboki ke kwance a ƙarƙashin katifar wani matashi, shekara ta zagayo bai ko buɗe su ba? Wanda ya riƙe irin wannan ya tare wa ɗan uwansa hanyar ilimi, kuma ya sa mai littafin ya yi rantsuwar ba zai sake ba da aro ba. Aro amana ce. Ya kamata kowa ya bincika ɗakinsa a yau, kafin wata Juma'ar ya mai da wa mai abu abinsa.