Intanet Mai Sauri Ga Kowa: Sai Jini Ya Kai Yatsa

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa malamin ilmin halittu da batun shimfiɗa wayoyin intanet. Amsar tana cikin jikin ɗan'adam. A shekarar 1628 wani likita ɗan Ingila mai suna William Harvey ya bayyana cewa zuciya ce ke harba jini zuwa sassan jiki, kuma jinin zagayawa yake yi ya komo gare ta. Sai dai abu ɗaya ya gagare shi gani, wato hanyar da jinin ke bi ya tsallaka daga jijiyoyin da ke fita da shi zuwa waɗanda ke komo da shi. Sai a 1661 wani masani ɗan Italiya, Marcello Malpighi, ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girman abu, ya ga wasu 'yan siraran jijiyoyi da ido ba ya iya gani. A cikin waɗannan ne jini ke miƙa wa ƙwayoyin halitta abinci da iskar oksijin, ya karɓi dattinsu. Manyan jijiyoyi dako kurum suke yi. Cinikin kansa a ƙananan ake ƙulla shi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, shirin gwamnati na kai intanet mai sauri ga kowa ya ba manyan jijiyoyi muhimmanci, ya bar ƙananan a baya. Ba za a ce ya yi nasara a masarautar Daura ba sai ranar da ɗalibin sakandare a Baure, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'adua ya sami abin da takwaransa na Abuja ke samu.

Mene Ne Intanet Mai Sauri?

Ana auna saurin intanet da megabit a daƙiƙa ɗaya. Bari mu yi ɗan lissafi. Darasin bidiyo mai nauyin megabait 100 daidai yake da megabit 800, domin kowane bait ɗaya bit takwas ne. Idan layi yana gudun megabit 10 a daƙiƙa, darasin zai sauka cikin daƙiƙa 80. Idan kuwa tsohon sabis ne irin na 2G, mai gudun kamar kashi ɗaya cikin goma na megabit, sai an jira fiye da sa'a biyu, in ma layin bai yanke ba. Ke nan ɗalibai biyu na iya riƙe waya iri ɗaya, amma ɗaya yana da ɗakin karatu a hannunsa, ɗayan kuwa akwatin gaisuwa kawai yake riƙe da shi.

Mafi yawan saƙonnin intanet ta cikin zaren gilashi suke tafiya, a matsayin walƙiyar haske. Kaurin zaren kusan daidai yake da na gashin kai, kuma tsakiyarsa, inda hasken ke bi, faɗinta kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, wato kusan daidai da faɗin siraran jijiyoyin da muka ambata. Haske na gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wannan gilashi. Saboda haka tafiyar da ke tsakanin Legas da Daura, wadda ta haura kilomita 1,000, ba ta kai masa ƙiftawar ido ba. Nisa bai zama hujja ba ke nan. Abin tambaya shi ne ko an shimfiɗa zaren, da kuma inda aka tsaya da shi.

Abin Da Gwamnati Ta Tsara

Adalci ne a faɗi abin da aka cim ma. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, domin tallafa wa kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba su hango riba ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun sauka a gaɓar Legas ɗaya bayan ɗaya: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano a 2022.

An fitar da tsarin ƙasa na farko kan intanet mai sauri na 2013 zuwa 2018. Na biyu, na 2020 zuwa 2025, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ne ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa. Tsarin ya yi alkawarin gudun megabit 25 a birane da 10 a karkara, da sabis da zai game kashi 90 cikin ɗari na jama'a, da masu amfani da shi kashi 70 cikin ɗari, da farashin da bai wuce naira 390 ba kan kowane gigabait. Wa'adin ya cika a ƙarshen 2025 alhali alƙaluman NCC na nuna kusan kashi 50 ne. Farashi kuwa sama ya yi, domin a Janairun 2025 hukumar ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A 2024 kuma gwamnatin tarayya, ta hannun minista Bosun Tijani, ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi a kan kimanin 35,000 da ake da su.

Wannan shiri abin yabo ne, domin jiki ba ya rayuwa babu manyan jijiyoyi. Amma a lura da yadda ake ƙidayar nasara. Kashi 50 ɗin nan layuka aka ƙirga, aka raba da yawan jama'a. Ɗan kasuwar Kano mai layi uku an ƙirga shi sau uku, ya cike gurbin manoma biyu da ba su da ko ɗaya. Likitoci sun san irin wannan ruɗi. Mai ciwon suga na iya zuwa asibiti zuciyarsa na bugawa daidai, alhali ƙananan jijiyoyin yatsan ƙafarsa sun lalace, yatsan yana ruɓewa. Wanda ya tsaya ga sauraren ƙirji kawai zai sallame shi a matsayin lafiyayye.

Inda Jinin Ke Tsayawa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, kuma garin Daura kansa ba a baya yake ba: akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusufu Bala Usman. Matsalar tana farawa ne idan an bar kwalta. Dalilai uku ne suka fi fitowa fili.

Na farko, lissafin riba. Kafa turken sadarwa a ƙauye da kula da shi bai fi na birni araha ba, sau da yawa ma ya fi tsada, ga shi masu sayen kati kaɗan ne. Kamfani ba gidan sadaka ba ne. Inda ciniki yake nan zai nufa.

Na biyu, wutar lantarki. Mafi yawan turakun ƙasar nan da man dizal suke aiki. A Nuwamban 2019, lokacin da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakokin ƙasa, kamfanonin sadarwa sun koka cewa turakunsu na waɗannan yankuna za su mutu. Ƙasar da ke da mashigin iyaka irin Kwangwalam da Babban Mutum tana cikin waɗanda irin wannan mataki ke shafa kai tsaye. Ga kuma ɗalibin da sai ya biya mai caji kafin wayarsa ta kunnu.

Na uku, kuɗin izinin haƙa hanyar waya. Tun 2013 aka amince da naira 145 kan kowace mita, amma jihohi da dama sun shafe shekaru suna karɓar dubbai. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya a 2020, wasu jihohin suka bi sahu. To amma yafe kuɗi share gona ne kawai; sai an yi shuka sa'an nan a yi zancen girbi.

Illar wannan giɓi kuwa mun riga mun gan ta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta soma gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, abu biyu ake jarraba shi a kai lokaci guda, alhali ɗaya kawai aka koya masa. A Afrilun 2020, Daura ce ƙaramar hukumar farko da aka rufe a Jihar Katsina saboda annobar korona, makarantu kuma suka yi watanni a kulle. 'Ya'yan masu hali a birane sun ci gaba da darasi ta intanet, na karkara suka koma gona da kiwo. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, fatake a kasuwannin dabbobi irin ta Mai'adua sun ga yadda rashin sabis ke tsayar da ciniki cik. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Masu Cewa Ba Yanzu Ba

Akwai masu ganin cewa makarantar da ba ta da rufi, ba kujeru, ba alli, ba ta kai matsayin zancen intanet ba. Maganarsu na da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar yara a ƙasa a sayo kwamfuta. Sai dai a duba abin da makarantun karkara suka fi rasawa: ƙwararren malamin kimiyya, da littattafai, da ɗakin gwaje-gwaje. Yawancin ɗalibanmu sun haddace yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu ba tare da sun taɓa ganinta ba. Layi mai kyau guda ɗaya zai nuna wa aji guda wannan cikin minti biyar, ya kuma ba malaminsu damar sabunta iliminsa. Intanet ba zai maye gurbin malami ba, amma yana ƙara wa malami ɗaya hannuwa.

Wasu kuma tarbiyya suke jiye wa tsoro, kuma da gaskiyarsu. To amma wayoyi sun riga sun shiga gidaje, yara na kallon abin da suka ga dama ba mai tsawatawa. Gara su fara sanin intanet a aji, gaban malami, inda za a koya musu bambance sahihin bayani da ƙanzon kurege. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma masu cewa tauraron ɗan'adam ya kashe bakin tsanya, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Lallai zai yi amfani a makarantun da ke nesa ƙwarai. Amma kayansa na cin ɗaruruwan dubban naira, ga kuɗin wata-wata, don haka ko shi ɗin sai hukuma ta sa hannu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, a rubuta cikin kowace kwangilar shimfiɗa zare cewa makarantar sakandare ta gwamnati ita ce zangon farko a kowace gunduma. Daga nan a rarraba wa asibitin sha-ka-tafi da kasuwa ta iska. Amurka ta bi irin wannan hanya da dokarta ta 1996, wadda ta rage wa makarantu da ɗakunan karatu kuɗin sadarwa da kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon talaucin yankinsu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura ya ratsa. Hikima ce a binne bututun zare a gefensa, a huta da haƙa sau biyu.

Na biyu, kada a kai kwamfuta makaranta sai da faifan sola da batura, da kasafin kuɗin data na kowace shekara, da wanda zai gyara. Ɗakin kwamfutar da aka buɗe da biki, aka garƙame bayan kuɗin shekarar farko ya ƙare, asara ce riɓi biyu. Ɗaliban kwalejin fasaha ta Daura za su iya wannan gyara idan an horar da su.

Na uku, a tsare abin da aka shimfiɗa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Amma doka a Abuja take, waya kuwa a ƙauye. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne za su san wanda ya tone ta, kuma ya dace masu aikin hanya su nemi taswirar inda take kafin su sa katafila.

Na huɗu, a riƙa buga alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A nan ne ku ɗalibai da malamai kuke da rawar takawa. Yadda muke ƙirga tsirrai a fili ta hanyar ɗibar samfuri, haka za ku iya auna sabis. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku ta zaɓi wuri ɗaya, da waya ɗaya, da lokaci ɗaya a kowane mako, ta auna saurin layi da manhajojin da ake samu kyauta, ta rubuta a littafi har zango guda. Ranar da babu sabis ma a rubuta sifili, domin shi ma sakamako ne. Idan makarantu ashirin na masarautar suka haɗa nasu, za a sami hujjar da za a ajiye gaban shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisa, da NCC.

Kammalawa

Tarihin Daura ya nuna mana cewa rijiyar Kusugu ba ta rasa ruwa ba; abin da mutane suka rasa shi ne damar ɗiba, sai ranar Juma'a kaɗai. Haka intanet yake a yau: yana nan jibge a gaɓar teku da manyan birane, guga ne bai kai hannun kowa ba. Saboda haka duk lokacin da aka sanar da sabon adadin kilomitoci, mu yi murna, sa'an nan mu tambaya: makarantu nawa aka haɗa a Baure, kuma nawa ne ke aiki bayan shekara guda? Amsar wannan tambaya ita ce ma'aunin shirin. Allah ya sa mu dace.