Ciwon Daji: Karɓar Ƙaddara Da Neman Magani

A ƙasar Hausa akwai cututtukan da ba a son kiran sunansu da ƙarfi, kuma ciwon daji na gaba-gaba a cikinsu. Da zarar likita ya ambace shi, sai gida ya yi tsit, kamar an riga an yi zaman makoki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa mutum sama da dubu 120 ne suka kamu da cutar a Nijeriya a shekarar, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Babban dalilin yawan mace-macen shi ne zuwa asibiti a makare.

Abin da nake son mu duba a wannan mako shi ne yadda muke fassara tawakkali idan wannan jarrabawa ta sauka. Daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, labarin kusan iri ɗaya ne. Mace za ta ji ƙullutu a mama, ta yi shiru don kunya. Idan ya girma, a ce jifa ne ko sammu. Wani ya ce ai daji ba ya son ƙarfe, kada a bari allura ta taɓa shi. A yi wata shida ana shafe-shafe da hayaƙi, sai ciwo ya fashe sannan a nufi asibiti, a kuma kira duk wannan jinkiri da sunan haƙuri.

Ni a fahimtata, karɓar ƙaddara tana farawa ne daga yarda cewa ciwon yana nan, sunansa kaza, ga kuma hanyar maganinsa. Annabi Ayyuba (AS), wanda muke buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa yana neman sauƙi. Addininmu ya umarce mu da neman magani, kuma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyin juna ba ne.

Na ga haka a wurin wani abokin aikina da aka gano yana da ciwon daji na hanji. Ranar da sakamako ya fito, ya tara iyalinsa ya faɗa musu gaskiya, ya rubuta basussukan da ke kansa, washegari ya koma wurin likita ya tambayi mataki na gaba. Ba ya fasa jam'i idan jiki ya ba shi dama, ba ya kuma fasa ranar allura. Natsuwar da na gani a fuskarsa ta fi ƙarfin duk wani jawabi da zan iya yi wa ɗalibai a aji.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jinya daga wannan yanki yakan fara da Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan ana buƙatar gashi da na'ura, sau da yawa sai an dangana da Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, a yi makonni a can. Kuɗin mota, masauki da abinci kaɗai sun isa su cinye amfanin gonar shekara. A nan ne ake gane dangi: wannan ya ɗauki kuɗin mota, wancan ya riƙe yara, wata ta kwana a gefen gado. Dubiyar da ta ƙare a "Allah Ya sawwaƙe" tana da lada, amma wadda aka haɗa da ɗan abin hannu ta fi sauke nauyi.

Ina kuma roƙon 'yan'uwa su daina ɓoye wa baligi mai hankali ciwonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yana da haƙƙin ya san halin da yake ciki, ya zaɓi magani, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda yake so. Haka nan mijin da ya juya wa matarsa baya don an cire mata mama ya ƙara mata ciwon da ya fi na farko.

Akwai ƙofofin da ya kamata mu sani. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar dajin bakin mahaifa kyauta. Gwamnatin Tarayya kuma tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. A tambayi likita yadda ake shiga. Duk ƙullutu, zubar jini ko ramar da ba a san dalilinta ba, a kai asibiti tun da wuri, domin ana warkewa daga ire-iren daji da dama idan an tare su da sauri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.