Kira ga Mahukunta kan Bashin da Ake Ciyo wa Najeriya

Mai Girma Shugaban Ƙasa, Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, Mai Girma Ministan Kuɗi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kukanmu a kan inda kuɗin ke tafiya yake. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki, kaka za ta biya masa. Wanda ya ci ya yi biki kuwa, gonarsa zai sayar. Ranka ya daɗe, Shugaban Ƙasa, a 2005 ƙasashen Kulob ɗin Paris suka yafe mana dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12 muka huta. Bayan shekara biyu aka yi dokar da ta ce kada gwamnati ta ci bashi sai don manyan ayyuka da gina al'umma. Dokar tana nan, amma ga shi ana rance don cike giɓin albashi da biyan tsohon bashi. Muna roƙo ka ba da umarni a bi ta sau da ƙafa.

Mai Girma Ministan Kuɗi, ma'aikatarka ta taɓa nuna mana yadda ake yi. Bashin Sukuk na farko na gwamnatin tarayya, a 2017, naira biliyan 100 ne, aka raba wa hanyoyi 25, kowace da allonta a bakin titi, har direban tirela ya san kuɗin da ya zuba kwaltar da yake takawa. Sauran basussukan fa, ina allonsu? A buga sunan aikin kowane rance, da kuɗin ruwansa, da ranar biya, cikin harsunan da jama'a ke ji.

Akwai kuma rancen cikin gida. Muddin gwamnati na karɓar kuɗi da ruwa mai tsoka, banki ba zai waiwayi mai masana'anta a Sharada ko Bompai ba, bare ɗan kasuwar Kantin Kwari. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Wace sana'ar halal ce za ta fitar da wannan har ta ɗauki sababbin ma'aikata? A rage wannan rance, a bar wa masu samar da aiki rabonsu.

Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, doka ta taƙaita abin da Babban Banki zai ranta wa gwamnati a kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara. Duk da haka ya taru har naira tiriliyan 22.7, Majalisa ta amince da shi a Mayun 2023 bayan an riga an kashe. Talaka ne ya biya, a farashin kwanon masara. Muna roƙon alfarma, kada a sake amincewa da sabon rance sai an karanta bayanin na baya a zauren Majalisa, jama'a na saurare. Ikon yin haka yana hannunku. Allah ya taya ku riƙo.